Kada Ruwa Ya Bar Gida Da Aiki Ɗaya: Jagorar Tattalin Ruwa A Gidajen Tahoua

A gidan da na tashi ba a zubar da ƙasari. In an yi surfe an wanke gero, ruwan farko mai kauri na tumaki ne, na biyu kuwa Inna takan ɗauka a ƙwarya ta kai gindin zogalen da ke bayan ɗakinta. Ranar da ƙanwata ta watsar da shi a tsakar gida, Inna ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi: "Ke ɗiyar ga, wanga ruwa bai ƙare aiki nai ba." Duk abin da zan rubuta a nan, daga tiyo har tano, wato ganga, a kan maganar nan na gina shi. Ruwan da ya shigo gida ya kamata ya yi aiki biyu ko uku kafin ƙasa ta shanye shi, kuma ƙasar da za ta shanye shi ta kasance akwai saiwar wani abu a cikinta.

Mu a Tahoua ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 350 zuwa 400 ba, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Ruwan famfonmu daga foraj, wato rijiyoyin burtsatse, masu zurfin ɗaruruwan mitoci ake ɗago shi da ƙarfin inji. In Afrilu da Mayu suka zo, zafi ya haura digiri 40, kowa ya san yadda bidoji ke jeruwa a bakin famfon unguwa tun kafin asuba, da yadda ake jiran ƴan garuwa. Duk da haka, ku bi lungunanmu da hantsi ku ga yawan ruwan da ke fitowa ta rariyar gidaje yana kwanciya a hanya. Wannan ruwa an biya kuɗinsa, an ɗauko shi a ka ko a baro. Shi nake so mu tare.

Da awo ake farawa

Kafin ku sayi ko tiyo ɗaya, ku ba gidan mako guda kuna lura. In da bido kuke sayen ruwa, a samu gawayi ko alli, duk bidon da aka buɗe a ja layi a bango ƙarƙashin aikin da aka yi da shi: sha da girki, wanka, wanki, wanke-wanke, alwala, dabbobi, makewayi. A ɗora wa ɗan makaranta wannan aiki, yara suna jin daɗinsa kuma ba sa ɓoye gaskiya. Bidon mai ruwan ɗorawa da muke amfani da shi lita 20 ne ko 25, ku duba naku don lissafi ya tafi daidai. Ƙarshen mako bangon zai nuna muku inda ruwan gidan ke tafiya, kuma a gidaje da yawa wanka da wanki ne ke kan gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a yini a matsayin ƙaramin abin da mutum ɗaya yake buƙata don sha da girki da ɗan tsabtar jiki. Na kawo wannan ne don tattali daban, ƙwauro daban. Ruwan sha da ruwan wanke hannu ba a rage su ko kaɗan. Wanda ya hana yaro wanke hannu don ya ceci moɗa ɗaya, zai biya kuɗin bido goma a asibiti.

Masu famfo a gida kuma, agogon ruwan nan da muke ce wa konter shi ne shaidarku. Baƙaƙen lambobi mita kibik suke ƙirgawa, kowane ɗaya lita 1000, wato bido 50 mai lita 20. Jajayen su ne na litoci. Da dare, bayan kowa ya gama, ku rufe duk famfunan gida da hanyar da ke kai ruwa shato, wato tankin ruwa na sama, ku rubuta lambar. Da asuba, kafin wani ya taɓa famfo, ku sake dubawa. In ta motsa, akwai yoyo a cikin gidan, kuma ku ke biyan kuɗinsa. Ku bi layin tiyon da ke ƙarƙashin ƙasa kuna neman wurin da ke da laima da rani tsaka, ko inda ciyawa ta yi kore ita kaɗai, ko inda tururuwa ta taru, ko gindin bangon da ya fara farin gishiri.

Toshe hanyoyin ɓarna

Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yakan zubar da kusan bido guda a kwana ɗaya, wajen bido 30 ke nan a wata. Da yayyafi kogi kan cika. In kuna shakka, ku ajiye gorar roba a ƙarƙashinsa awa ɗaya, ku ninka abin da ya taru sau 24. Gyaransa ba ya buƙatar a kira kowa. A rufe makullin ruwa na kusa da konter, a kwance kan famfon da sufana, a ciro ƴar robar da ta cinye, a tafi da ita kasuwa don a samo daidai ita. Wajen mayarwa a naɗa farin zaren roban nan na masu gyaran famfo a kan haƙoran, zagaye biyar ko shida, ta ɓangaren da ake ɗaurewa. Famfon da ake juya hannunsa sau ɗaya kawai ya buɗe, shi ba shi da irin wannan roba, kan ake canjawa gaba ɗaya. Ɗaure famfo da robar taya kuwa maganin kwana biyu ne.

Shato ma a hau a duba. Ƙwallon da ke tsayar da ruwa in ya cika yakan huje ko ya maƙale, sai ruwa ya kwana yana zuba a bayan ɗaki ba wanda ya sani. Ku sa wa bakin ambaliyarsa tiyo, ku kawo shi inda ido ke gani, kusa da gindin bishiya.

Mai makewayin zamani ya zuba ɗan bula na wanki a cikin tankin, ya jira minti 20 ba tare da ya ja ba. In shuɗi ya bayyana a ƙasa, robar cikin tankin ta mutu. Tsofaffin tankuna sukan saki lita 9 ko fiye a kowane ja. Gora mai lita ɗaya da rabi, a cika ta da yashi da ruwa a rufe, a tsayar da ita a ciki inda ba za ta tare ƙwallon ba, za ta rage wannan adadi kowane lokaci. Abin da ya fi wannan shi ne a ajiye bokitin ruwan wanki a wurin a riƙa korawa da shi. Amma masu salga kada su riƙa juye ruwan wanka da wanki a ciki: tana saurin cika, ga wari, ga haɗarin ruftawa.

Akwai wata ɓarna ta bazara da ban ga ana maganarta ba. Da rana ruwan da ke cikin tiyo da shato yakan yi zafin da ba a iya taɓawa, sai mutum ya buɗe dush na wanka ya tsaya gefe yana jiran mai sanyi ya iso. Wannan ruwa ne mai tsabta ƙal. A ajiye baho a wurin a tare shi, kafin magariba ya huce ya isa wankan yaro. Ku kuma gwada dush ɗinku: ku tara bokiti minti ɗaya ku ga abin da yake fitarwa, ku kwatanta da bokiti ɗaya da moɗa da ke isar babban mutum wanka. Daga nan ku yanke hukunci da kanku.

Don wanke hannu, galan mai lita 5 ya isa ya yi wa gida hidimar yini. A gasa ƙusa a huda shi ƙasa kaɗan da bakin, a ɓangaren da ba na mariƙi ba. A kafa itace biyu masu gwafa, a gitta sanda ta cikin mariƙin ya zama yana lilo. A ɗaura igiya a wuyansa, ɗaya bakin igiyar a ɗaure shi a kan wata sanda da ke kwance a ƙasa, kanta a ɗage. In an taka sandar galan ya sunkuya ya saki siririn ruwa, in an ɗaga ƙafa ya miƙe. A rataye sabulu a igiya, a haƙa ɗan rami a ƙasa a cika da tsakuwa. A kafa ɗaya a ƙofar makewayi, ɗaya kusa da inda ake cin abinci.

Ruwan da aka yi aiki da shi ba iri ɗaya ba ne

Nan ne mutane suka fi kuskure. Akwai ruwa mai haske: na alwala, na wanke shinkafa da ganye, ɗaurayar ƙarshe ta wanki, abin da ke tsatsa daga randa, da wanda ke ɗiga daga kilim, na'urar sanyaya ɗaki. Akwai mai sabulu, na wanka da wanki. Akwai mai maiƙo, na wanke-wanke. Kowanne da inda zai je.

Akwai kuma wanda ba a sake komai da shi: ruwan tsarki, ruwan da aka wanke kashin jariri ko tufafin mai gudawa, ruwan jinin yanka da gyaran kaza, ruwan da aka zuba wa Javel (bilic) ko rini, da wanda aka wanke babur mai baƙin mai. Na kashi da jini makewayi za shi. Sauran a ba su ramin da ba shuka a kusa.

Ruwan alwala shi ne wanda na fi jin zafin asararsa. Ya tabbata daga Anas, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, kuma mudun nan bai kai lita ba. Saboda haka buta ta fi buɗe famfo kusa da sunna, ta kuma fi shi tattali. To ko da butar ce, a lissafa: gida mai mutum takwas, kowa lita ɗaya, sau biyar a yini, lita 40 ke nan, bido biyu kullum na ruwan da ba sabulu ba maiƙo. A ware wurin alwala guda a gidan. A sa dutse mai faɗi ko ɗan dakalin siminti da ya karkata kaɗan, a gabansa a yi fangali mai faɗin kamu biyu, a kewaye shi da bulo. A shuka na'a-na'a na shayi, ko yakuwa, ko lalle. Tun da maigidana ya gyara mana namu, ban sake sayen na'a-na'a ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar bokiti da sunan ban ruwa.

Wanki kuma tsari yake so. Baho uku: na saɓi, na ɗaurayar farko, na ɗaurayar ƙarshe. A fara da fararen kaya, sannan masu launi, sannan baƙaƙe da kayan wasan yara, tsummoki su zo ƙarshe. In ruwan saɓi ya mutu, na ɗaurayar farko ya koma mazauninsa a ƙara masa sabulu, na ƙarshe ya matso tsakiya, sabon ruwa ya shiga baho na uku kawai. Wanda ya mutun a goge ɗaki da shi, a kora makewayi, ko a yayyafa tsakar gida kafin shara don ƙura ta kwanta.

Kafin kwano ya taɓa ruwa, a share maiƙonsa da dusa a ba kaji. Tukunyar da ta kama a jiƙa ta da ruwan wankin shinkafa tun ana cin abinci. Roba biyu sun isa, ta sabulu da ta ɗauraya, kuma a fara da kofuna da cokula a ƙare da tukwane.

Daga wurin wanka zuwa gindin bishiya

Shekarar da muka tare a gidanmu na yi kuskure biyu da ba na so kowa ya maimaita. Na samu tano na riƙa tara ruwan wanki da na wanka a ciki, da niyyar in riƙa ba shuka sannu a hankali. Kwana uku cikin zafin Afrilu, da na ɗaga murfin sai da na ja da baya: ruwan ya yi baƙi, yana wari kamar na kwata. Ruwa ba ya tsami banza. Dauɗar jiki da sabulu abincin ƙwayoyin cuta ne, zafi kuma yana hanzarta su. Na biyu, ɗan lemun tsamin da na dasa na riƙa shayar da shi ruwan Omo, wani lokaci har da Javel a ciki. Bakin ganyen ya fara ƙonewa, ƙasar gindinsa ta yi farin ɓawo, kafin damina ya bushe. Garin sabulun wanki yana ɗauke da gishiri mai yawa, lemo kuwa ba ya jure gishiri. Abin ya daɗe yana damuna, don da hannuna na raine shi.

Ƙa'idar ke nan: ruwan sabulu ba ya kwana. Ranar da aka yi shi, ranar zai shiga ƙasa, kuma ƙarƙashin rufi zai shiga, kada ya kwanta a fili inda yara da kaji da sauro za su same shi.

Ga yadda ake yi. Da farko a zaɓi wuri mai nisan mita 2 zuwa 3 daga bango, musamman ginin ƙasa, don laima tana cin gindin bango. In akwai rijiya, a ba ta aƙalla mita 30. Sannan a gwada ƙasar: a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika da ruwa, in ya shanye a sake cikawa. Ƙasa mai yashi nan da nan za ta shanye. In na biyun ya yi awoyi yana tsaye, laka ce ko faƙo, sai a faɗaɗa ramin ko a raba ruwan wa bishiya biyu. A nan yankinmu na Adar muna da duka biyun, wani lokaci a cikin gida ɗaya.

Sai a haƙa kwari a kewaye da bishiyar, daidai inda inuwar rassanta ta tsaya, ba a jikin kututture ba, don a can ƙananan saiwoyi suke sha. Zurfi santimita 30, faɗi 40 zuwa 50. A cika shi da yankakken karan gero, busasshen ganye, ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi. Daga rariyar wurin wanka a ja tiyon roba mai faɗin milimita 50, yana gangarawa santimita 2 a kowace mita, ba lanƙwasa mai yawa. A bakin rariyar a sa raga ta tare gashi da zare. Inda tiyon ya ƙare, a samu tsohon bokiti a kifa shi a cikin kwarin, a huda gefensa a shigar da tiyon ta sama, yadda ruwa zai faɗo cikin fili kafin ya bazu. Wannan yana hana saiwa da tarkace toshe bakin tiyon, kuma in ana son dubawa ɗaga bokitin kawai za a yi.

Duk ɗan Tahoua ya san asalin wannan dabara. Tassa da rabin wata, wato ramukan tare ruwan sama a gona, da manoman Illela da Badagishiri suka rungumi yi tun ƙarshen shekarun 1980, da ayyukan raya ƙasa da aka fara a Keita a 1984, duk manufarsu ɗaya: a tsayar da ruwa a inda saiwa take, a ba shi taki da rufi. Da haka aka mai da faƙo gona. Tassa ce muka shigo da ita tsakar gida.

Zogale, bedi (dogon yaro), magarya, lalle da dabino suna jure wannan ruwa. Lemo da ƙananan dashe a bar su da ruwa mai haske. Sabulun sanda ya fi na gari sauƙi ga ƙasa. In akwai bishiya biyu a riƙa sauya musu mako-mako, ƙasa ta samu ta huta. Karan zai riƙa ruɓewa yana zama taki, a ƙara sabo duk wata biyu ko uku. Gara za ta zo, kuma a cikin ramin aiki take yi, tana buɗe ƙasa, shi ya sa ma na ce a nisanta shi da bango da azara. Da damina, in ƙasa ta ƙoshi, a karkatar da tiyon zuwa wani rami mai zurfin mita ɗaya da aka cika da duwatsu aka rufe.

Ruwan wanke-wanke sai an raba shi da maiƙo, in ba haka ba ya toshe ƙasa ya jawo ƙuda da kyankyaso. Bokiti mai murfi ya isa: ruwa ya shiga ta sama, tiyon fita kuma a sa masa gwiwa mai kallon ƙasa yadda zai ɗebo daga tsakiya. Mai ya taso sama, guntun abinci ya kwanta ƙasa. Duk kwana biyu a kwashe a binne.

Za ku ga ana nuna matatar tano mai tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, yashi a sama. Tana cire dauɗa da wari, amma ba ta cire gishirin sabulu, ba ta mai da ruwan na sha, kuma yashin sama sai an riƙa kankarewa ana canjawa. A ganina yawancin gidaje ba su buƙace ta ba. Ramin bishiya yana yin aikinta ba tare da an tsaya a kansa ba.

Tulu a cikin ƙasa

Ga mai son ɗan lambu na kayan miya, ban san abin da ya kai tulu ba. A sayi na ƙasa zalla, wanda ba a shafa wa fenti ko siminti ba. A cika shi a ajiye: in jikinsa ya yi gumi, ya yi. A binne shi har wuya, a cakuɗa ƙasar kewayensa da taki, a shuka kuɓewa, tumatir, tattasai ko yakuwa tazarar taƙi ɗaya ko biyu daga jikinsa. A cika shi a rufe bakin da kasko. Ƙasa tana jan ruwan ta jikin tulun gwargwadon ƙishirwarta, saman ƙasa kuma a bushe yake, rana ba ta samun abin sha. Duk kwana biyu zuwa huɗu a leƙa a ƙara. Makon farko a riƙa ɗan yayyafa wa irin ta sama har saiwa ta kama. Ruwa mai haske kawai ake zubawa, don sabulu da maiƙo suna toshe ƙofofin yumɓun. Wanda bai samu tulu ba ya huda gorar roba da allura wuri uku ko huɗu a ƙasa ya binne ta haka nan. Salati da duk ganyen da ake ci ɗanye, ruwa mai tsabta kaɗai ake ba su.

Randar sha ma a ɗora ta a kan mazauni, a sa tasa a ƙasa ta tare tsatsar, ko a girke ta a bakin fangalin alwala.

Ruwan sama

Lissafinsa mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya. Ɗaki mai mita 4 da 5 rufinsa murabba'in mita 20 ne. Ruwan dare ɗaya mai milimita 20 zai zubo masa lita 400, tano biyu. A damina mai milimita 350, lita 7000 ke nan. In an cire kashi ɗaya cikin biyar na fantsama da zubarwar farko, saura 5600, bido 280 daga ɗaki ɗaya.

Rufin kwano ya fi dacewa. Ruwan indararon soro yana zuwa da laka, shi sai dai shuka, ko wanki bayan ya kwanta. A bakin kwanon a liƙa makwarari, na ƙarfe ko tiyon roba mai milimita 100 da aka tsaga biyu, yana gangarawa santimita ɗaya a kowace mita. A ɗaure shi da ƙarfe ko waya mai kauri duk ƙasa da mita ɗaya, don kun san iskar da ke riga ruwa isowa a garin nan. A bakin da ruwa zai gangara a sa raga.

Ruwan farko na shekara gaba ɗayansa na bishiya ne, saboda ƙurar wata takwas da kashin tantabaru da na ƙadangaru duk shi zai wanko. Bayan haka ma, kowane ruwa a zubar da aƙalla lita ɗaya kan kowace murabba'in mita kafin a tara, wato bido guda ga ɗakin da muka lissafa. Hanya mafi sauƙi ita ce tiyon da ake ɗagawa da hannu a mayar. Mai son wadda ke aiki ko ba kowa a gida, ya sa tiyo mai milimita 100 a tsaye kafin tanon, ƙasansa da murfin da ake kwancewa. Kowace mita ta irin wannan tiyo tana ɗaukar kusan lita 8, saboda haka mita biyu da rabi sun isa. Sai ya cika da ruwan dauɗa sannan mai kyau ya wuce ta reshen sama zuwa tano. Bayan kowane ruwa a kwance murfin a zubar.

Tanon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, fetur ko wani sinadari, ko an wanke shi sau goma kada a tara ruwa a ciki. A nemi wanda ya ɗauki kayan abinci. A ɗora shi kan bulo tsayin santimita 40, a sa masa famfo ɗan sama da gindi don laka ta zauna ƙasa. A ajiye shi a inuwa, ya zama haske ba ya ratsa shi, in ba haka ba gansakuka ta fito. Duk wata kafa a rufe ta da guntun gidan sauro a ɗaure tam, don a cikin zafi sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10, ga shi damina ce lokacin zazzaɓi. Murfin kuma ya zama mai nauyi ko mai makulli. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai rabin baho ba, don Allah kada a yi sakaci da wannan. Tano biyu ana haɗa su da guntun tiyo ta sama, in na farko ya cika ya miƙa wa na biyu, ambaliyar na ƙarshe ta tafi ramin bishiya.

Tano biyu ba za su kai ku bazara ba, amfaninsu shi ne su sauƙaƙa sayen ruwa a watannin damina. Wanda yake so ruwan Agusta ya kai shi rani sai ya gina tankin siminti. Mai mita 2 da 2, zurfi mita ɗaya da kwata a ciki, yana ɗaukar lita 5000. Gida mai mutum takwas da ke ɗibar lita 40 a yini don sha da girki, zai kai su kwana 125, wata huɗu ke nan. A nemi maginin da ya taɓa yin irinsa, a yi masa shafe mai kyau da rufin kankare da ƙofar shiga don wankewa, a nisanta shi da salga. Mai shirin sabon gini ya sa wannan a cikin zane tun yanzu, tare da karkatar rufi da inda wurin wanka zai kalla. Tun ran gini ran zane.

Ruwan sama ko ya yi garau, a gyara shi kafin a sha. In da gurɓata, alif ko dakakken ƙwayar zogale suna kwantar da laka, amma ba sa kashe ƙwayoyin cuta. Bayan ya kwanta a tsiyaye, sai a tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a takardar a jira minti 30. Ko a zuba a gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar a kan kwano cikin rana awa 6, in da hadari kwana biyu. Randa a rufe ta, moɗa ta zama mai dogon hannu, a rataye ta, kada a ajiye a ƙasa.

Ƴan haya da ba su da ikon fasa bango ko haƙa rami, baho uku, galan na wanke hannu, tano mai murfi da zogale a cikin buhun siminti duk kaya ne da ake tashi da su. A gidan da ake zaune da yawa, a fara zama da matan gidan a shirya wanda zai riƙa kwashe maiƙo da wanda zai duba raga, don su ne ke riƙe da ruwan, kuma abin da ya ƙara musu wahala ba zai yi wata guda ba.

Aikin rufi a watan Mayu ake yinsa, ba a fafe gora ranar tafiya. A share kwanon da makwararin, a ɗaure abin da ya saki, a wanke tanon a kife shi ya bushe, a canja ragar da rana ta cinye. In hadari na biyu ko na uku ya sauka, a tara farin kofi a bakin tiyon a ɗaga shi a haske. In ba ƙura ba baƙi-baƙi a gindinsa, a mayar da tiyon cikin tano.